Majigin Masaƙar Tsamiya

Ranar Asabar da hantsi aka gano an sace majigin. Kafin Malam Dalhatu ya iso Sharada daga Challawa a kan tsohon kekensa, tsofaffin ma'aikatan Masaƙar Tsamiya sun riga sun yi shari'a sun yanke hukunci, zartarwa kawai ta rage. Ya tarar da su cirko-cirko a ƙofar ɗakin cin abinci, kowa na magana kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi, don rabinsu injinan saƙa sun cinye musu kunne tun suna samari. Sule maigadi yana tsugune a gindin tsamiyar bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Shekara goma sha bakwai ke nan da mutuwar masaƙar. Inda injina ɗari uku suke ruri a da, yanzu ya zama sito, buhunan shinkafar wani attajiri ne jibge har rufi. Abin da ya rage wa tsofaffin shi ne ɗakin cin abincin, wanda mai siton ya bar musu suna taruwa sau ɗaya a shekara, su ci tuwo, su ƙirga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Taron bana kuwa na daban ne. An tono wani tsohon kaset da wani manaja ya ɗauka a 1988, an juye shi a filash, 'yar ɗaya daga cikinsu kuma ta aiko musu da majigi irin na zamani, wanda yara ke kira furojekta. Gobe Lahadi za su ga kansu da baƙin gashi da haƙora cike da baki.

Alhaji Muhyiddeen, shugaban ƙungiya, wanda har yau yake tafiya kamar yana zagayen duba ma'aikata, shi ya tari Dalhatu.

"Malam Dalhatu, ba wani dogon aiki muka kira ka ba. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba. Makulli na hannun Sule, ga kwalin na'urar an tsinta a ɗakinsa. Ka duba ka tabbatar mana kawai. In aka yi la'asar bai fito da ita ba, zan kira mai sito da 'yan sanda."

Kowa ya san ma'anar wannan. Sule ya baro Maraɗi yana saurayi, ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗan ɗakin nan na bakin ƙofa. Ba shi da gida, ba shi da gona, in aka kore shi da sunan ɓarawo ba mai sake ba shi gadin ko kejin kaji.

Dalhatu ya jingine keke. Ɗan mafarauta ne, tun yana ƙarami yake bambance sawun akuyar gidansu da ta maƙwabta, shi ya sa masaƙa ta ɗauke shi shugaban masu gadi. Amma kalmar nan ta "ka duba ka tabbatar" ta soke shi, don ya taɓa jin ta. A 1994 an sace bandir uku na atamfa. Ya bi sawun takalmin kamfani har ƙofar wani gidan haya a cikin garin Sharada. Manaja ya tambaye shi gidan wa, ya ce gidan Lawan masaƙi, alhali mutum huɗu ne ke haya a ciki, dukansu da takalmi iri ɗaya. Aka kori Lawan. Bayan shekara biyu wani direba ya tashi daga gidan, aka ga ƙyallayen bandir ɗin a silin ɗakinsa. Dalhatu ya ji labari ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma shirun bai taɓa barin sa ya sake ba.

"Zan duba," ya ce. "Amma ban yi alkawarin tabbatar da komai ba."

*

Ya tsuguna kusa da Sule.

"Kwalin fa?"

"Wallahi Malam, ran Alhamis da suka fiddo abin suka yar da kwali bakin ƙofa. Ɗakina na yoyo, damina ce, na ɗauka na shimfiɗa ƙarƙashin tabarma. Mi zan yi da majigi? Ni ko rediyona sai an kama mini tasha."

"Jiya ka bar ƙofa?"

Sule ya sunkuyar da kai. "Na tafi Juma'a. Na kulle, na tafi, na dawo. Duk sati haka nake yi, Alhaji ma ya sani."

"Wa kuma ke da makulli?"

"Ba kowa. Sai dai na ƙofar baya, ta kicin, yana wurin Aina'u. Ita kuwa ai ka san ta."

Ya san ta ƙwarai. Matar Lawan ce. Tun da aka kori mijinta ta kafa tukunya a bakin masaƙa tana sayar da shinkafa da wake, da haka ta riƙe gida, har aka ba ta kicin ɗin gaba ɗaya. Shekara talatin ko cokali bai taɓa ɓata a hannunta ba. Shekara talatin kuma Dalhatu bai ci abincinta ba, kullum sai ya ce a ƙoshe yake.

*

A cikin ɗakin taron ya sami Inuwa mai gyaran wuta, wanda shi ma wasu ke kallo a kaikaice. An ji shi ran Alhamis yana cewa irin wannan na'urar in ka kai kasuwa ba ta kwana. Inuwa dai bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya kuwa san an ji shi, sai gumi yake yi.

"Malam, yabo na yi, yabo! Jiya tun safe ina Bompai ina ja wa wani kamfanin roba waya, mutum ashirin sun gan ni. A can na yi Juma'a."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Faɗa mini abin da aka ɗauka."

Inuwa ya nuna teburin. An ɗauki majigin da wayoyinsa, da filash ɗin. An kwance farin alawayyon da suka rataya a bango. An kuma ɗauki sitabilaiza, wani tsohon baƙin akwati mai nauyin tsiya da ke daidaita ƙarfin wuta.

"Ita ce ta ɗaure mini kai," in ji Inuwa. "Tawa ce, ta fi shekara ashirin, ko kyauta ka ba ɗan gwangwan sai ya yi tunani. Ga lasifika sabuwa dal a gefenta, da leda a jikinta, hannu ɗaya za ka ɗauka. Ya bar ta. Wannan ɓarawo ko dai mahaukaci ne ko sabon shiga."

"Wa ya iya kunna na'urar?"

"Duk wanda ke nan ran Alhamis, in dai ya saurara. Na tsaya na yi musu bayani kamar malamin makaranta. Na ce kada a jona ta a bango kai tsaye, sai ta sitabilaiza, don wutar Sharada ba ta da alkawari. Kada a sa mata ƙaramin janareto, ƙwan zai ƙone. Kada a taɓa gilashin gaba da yatsa, kada a ɗora mata ƙyalle a toshe ramukan iska. In an kashe, a jira fanka ta yi shiru kafin a zare waya. Amma ina! Hoto na fitowa suka manta da ni. Wannan ya ce ga ni can, wancan ya ce ƙarya ne, kai ba ka taɓa yin kyau haka ba."

"Duka kuka kalla?"

"Kaɗan dai, gwaji ne. Mun kai wurin da aka nuno Lawan a kan injinsa yana dariya, sai Alhaji ya ce a kashe haka nan."

Dalhatu ya daɗe yana kallon lasifikar, sannan ya fita ta ƙofar kicin.

*

An yi ruwa jiya da safe, bayan kicin kuwa ƙasar har yanzu shuɗiya ce saboda ruwan rini da ya yi shekaru yana kwarara a wurin. Dalhatu ya tuna lokacin da kajin unguwar ke yawo da shuɗɗan ƙafafu, mata na zagin kamfani suna kuma roƙon Allah ya sa a ɗauki 'ya'yansu aiki. Ƙasa irin wannan ba ta ɓoye sawu.

Ba sawun Sule, ba na Inuwa. Sawu ɗaya ne, na silifas ƙarami, dunduniyar hagu ta cinye. Ya fita sau biyu ya dawo sau ɗaya. Na Aina'u ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ga sawun mai girki a bayan kicin ɗinta. Har ya ɗaga kai zai wuce, sai ya sake dubawa. A fita ta farko takun gajere ne, a miƙe, irin na mai kaya a ka. Da ta zo wani ɗan kududdufi da ko yaro zai tsallake, ba ta tsallake ba, zagaye shi ta yi a hankali. A fita ta biyu sawun ya nutse sosai, ta tsaya ta huta sau biyu kafin bakin titi. A nan tayoyin manyan motoci suka shafe komai.

Ya koma kicin. Aina'u na zaune tana yankan albasar gobe, ta tsufa ta ranƙwafa.

"Sannu da aiki, Aina'u."

"Yauwa Malam, sannu." Ba ta ɗago ba.

"Ya mai jiki?"

Wuƙar ta tsaya. Shekara biyu Lawan na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma yau ne karon farko da Dalhatu ya tambaya.

"Da godiya," ta ce.

Ya dubi tukwanenta. Duk suna nan a kife, manya da ƙanana, ba wadda ta je gida jiya. Wato ba tukunya ta ɗauka a ka ba. Amma sawu ya taɓa yi masa ƙarya, ko kuma shi ya yi wa sawu ƙarya, saboda haka ya fita bai tuhume ta ba.

Ya yi azahar ya zauna a gindin tsamiya yana juya abin. Me tsohuwa za ta yi da majigi? In sayarwa ne, don me za ta kinkimi baƙin akwatin nan ta bar lasifika? Can gefe wasu tsofaffin masaƙa biyu na hira, ba da baki ba, da hannu, yadda suka saba a ɗakin injina inda ko ihu ka yi ba mai ji. Ɗaya ya taɓa kunnensa ya yarfe hannu, wato ban ji ba. Dalhatu ya bi hannun da kallo. Lawan ya yi shekara goma sha tara a layin tsakiya, inda ƙara ta fi tsanani, tun kafin a kore shi ko jiniyar tashi ba ya ji.

Ya miƙe ya ce wa Alhaji a tara mutane.

*

Suka cika ɗakin. Aka zaunar da Sule a gaba, Inuwa ya raɓe kusa da tebur, Aina'u ta tsaya a bakin ƙofar kicin da wuƙar albasa a hannu. Dalhatu ya ɗaga murya don na baya su ji.

"Sule bai ɗauka ba. Sawunsa bai wuce ƙofar gaba da masallaci ba, kwali kuma ku kuka yar. Inuwa ma bai ɗauka ba, surutu ne kawai ya yi masa yawa."

Aka ɗan yi dariya, Inuwa ya fi kowa.

"To wa ya ɗauka?" in ji Alhaji.

"Ku dubi abin da aka ɗauka. Wanda zai kai kasuwa ba ya ɗaukar tsohuwar sitabilaiza. Wanda ya ɗauke ta ya saurari Inuwa ran Alhamis lokacin da ku kuke musun wa ya fi kyau. Yana tsoron kada ƙwan ya ƙone, don yana da niyyar dawo da na'urar lafiya. Ya ɗauki farin ƙyalle da filash, wato nunawa zai yi. Sai ku dubi abin da ya bari." Ya ɗora hannu a kan lasifikar. "Bai manta da ita ba. Ba ta da amfani ne a wurinsa. Wanda za a nuna wa hoton ba ya ji ko kaɗan, kuma ba zai iya zuwa nan gobe ba."

Wasu sun fara ganewa, suna kallon ƙasa.

"Faɗi sunansa," in ji Alhaji.

"Ba zan faɗa ba. Na taɓa faɗin suna a wannan masaƙa, Alhaji, kana tsaye a wurin." Ya juya ya fuskanci jama'a. "Bandir ukun nan na 1994, ba Lawan ya ɗauka ba. Sawu ya kai ni ƙofar gida mai mutum huɗu, na zaɓi suna ɗaya don manaja na jira, ni kuma ina son a ce na iya aiki. An ga kayan daga baya a silin direban da ya tashi. Na sani shekara ashirin da takwas ke nan, na yi shiru. Ni na kori Lawan, ni na sa ba a rubuta shi a wannan ƙungiya ba. In akwai wanda za a kira wa 'yan sanda yau, ga ni."

Sai aka ji ƙarar wuƙa ta faɗi a siminti.

"Yana gidana," in ji Aina'u. "A kan gado na ajiye shi, ban rufe shi da komai ba, ban taɓa gilashin ba." Ta matso tana goge hannu a zaninta. "Ran Alhamis na shigo da ruwa na gan shi a bango, yana dariya, da hannunsa biyu lafiya lau. Alhaji ya ce a kashe. Na san in na roƙa za a ce ai ba ɗan ƙungiya ba ne. Na ce bari in kai masa lokacin Juma'a, ya gani sau ɗaya, in dawo da shi kafin kowa ya sani. Tun jiya ba a kawo wuta ba. Maƙwabcinmu ya ce ga ƙaramin janaretonsa, na ce a'a, Inuwa ya hana. Yau da na zo na tarar an tsugunar da Sule, bakina ya mutu. Ina yanka albasa ina roƙon Allah a kawo wuta." Ta juya wurin maigadin. "Sule, ka yafe mini. Na san zafin abin da aka yi maka, na fi kowa sani."

Sule ya mayar da hularsa ka. "Ba komai, Aina'u. Da kin gaya mini, ni zan ɗaukar miki akwatin nan, yana da nauyi."

Alhaji Muhyiddeen ya cire tabarau daga idonsa. Ya ciro hankici ya goge tabarau ɗinsa, ya daɗe yana gogewa. Da ya yi magana, muryar ba ta zagayen duba ma'aikata ba ce.

"Sule, mun zalunce ka, ka yi haƙuri." Ya waiga. "Inuwa, babban janareton sito zai shiga a-kori-kura?"

"Zai shiga, ranka ya daɗe."

"To me muke jira?"

*

Sau biyu ke nan a rayuwarsa sawu na kawo Dalhatu ƙofar wannan gida. Bayan la'asar suka isa, mutum kusan talatin a lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Inuwa ya ajiye janareton can waje saboda hayaƙi, ya ja waya, ya jona ta sitabilaiza. Ya ɗora majigin a kan turmi da aka kife aka sa wa faifai, nesa da bango don ya sha iska. Aina'u ta toshe taga da wata tsohuwar atamfar Tsamiya, mai zanen ganye, wadda duk wanda ke wurin ya san injin da ya buga ta.

Lawan na jingine da matashi, ya rame, yana bin fuskoki da ido yana mamakin wannan taro. Inuwa ya murɗa gilashin a hankali har hoton ya fito tas a kan alawayyon. Ga ƙofar masaƙa, ga kekuna ɗaruruwa a jere, ga tsamiya tana ƙarama. Ga ɗakin injina, auduga na tashi a iska. Ba a kawo lasifika ba, ba kuma wanda ya nema. Sai ga wani saurayi mai faɗin kafaɗa ya ƙulla zaren da ya tsinke cikin ƙiftawar ido, ya ɗago ya yi wa mai ɗaukar hoto dariya.

Lawan ya yi wani sauti a maƙogwaro. Hannunsa mai lafiya ya tashi, yatsun na ƙulla zaren da babu shi.

Dalhatu bai san lokacin da ya ratsa mutane ya tsaya a gabansa ba. Magana ba ta da amfani, sai ya yi abin da masaƙa ke yi in sun tsinka zaren wani: ya bugi ƙirjinsa sau biyu, wato laifina ne. Aina'u ta sunkuya ta yi wa mijinta bayani da hannu, ta nuna silin, ta ɗaga yatsu uku, ta nuna Dalhatu.

Lawan ya kalle shi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi masa alamar ya matsa, don inuwarsa ta rufe hoton gaba ɗaya. Dalhatu ya matsa da sauri, kunya ta rufe shi, ya juya zai fita.

Sai ya ji an ja gefen rigarsa. Lawan ya saki rigar, ya daddaɓa katifa kusa da shi, idonsa na kan bango.

Dalhatu ya zauna, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Inuwa," in ji Aina'u, "mayar da shi baya. Malam ya tare masa, bai ga ƙarshen dariyar ba."